Kasuwar Ingilishi ta Cork: abin da mutumin Kebbi zai ci, da abin da zai tsallake

Duk wanda hanya ta kai shi Cork, birni na biyu a girma a Jamhuriyar Ayalan, ko karatu ne ya kai shi, ko aikin asibiti, ko ziyarar ɗa ko ƙane, wuri na farko da mutanen gari za su ce ya leƙa shi ne kasuwar da ke tsakiyar birnin, wadda aka rubuta English Market a ƙofarta. Ta cancanci zuwa, babu ja. Sai dai masu ba da shawarar mutane ne masu cin naman alade da shan giya, don haka kusan rabin abin da suke yabawa a cikinta ba namu ba ne. Rabin da ya rage, wato kifi da burodi da cuku da ƙwai da shayi, ya ishi mutum ya ci ya ƙoshi har ya yi tsaraba, matuƙar ya san teburin da zai tsaya da tambayar da zai yi.

Kasuwa ce rufaffiya, mallakar hukumar birni, ana ciniki a cikinta tun 1788. Sunan ya samo asali ne bayan 1840, lokacin da aka gina wata kasuwar a titin Cornmarket, talakawan gari suka riƙa kiran sabuwar ta 'yan ƙasa, tsohuwar kuma ta Ingilishi. Gobara ta cinye ɓangaren titin Princes a 1980, aka sake gina shi a kan tsohon fasalinsa. Manyan ƙofofinta biyu ne, ɗaya a titin Grand Parade, ɗaya a titin Princes, sai wasu ƙananan lunguna da ke ɓullewa manyan tituna. Ana buɗewa Litinin zuwa Asabar, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma. Ranar Lahadi da ranakun hutun ƙasa a kulle take, kuma wannan ne kuskuren da ya fi kama baƙi: mutum ya ware Lahadi don yawon buɗe ido, ya tarar da ƙofa a garƙame.

Wanda ya saba da Babbar Kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega, kada ya sa ran girma. Cikin minti goma za ka ratsa ta daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ba a sayar da yadi ko takalmi ko tukwane, kusan abinci ne zalla. Ba a taya kaya: farashi a rubuce yake a kan kowane abu, na kilo ko na giram ɗari, kuma neman ragi ba ya haifar da komai sai kallon mamaki. A lura da wannan bambanci na kilo da giram ɗari sosai, domin cuku da kifi mai hayaƙi galibi da giram ɗari ake rubuta kuɗinsu, sai mutum ya ɗauka araha ne, a auna masa rabin kilo, lissafi ya ninka sau biyar. Kuɗin ƙasar yuro ne. Yawancin tebura suna karɓar kati, amma ka riƙe 'yan canji. Ka kuma zo da jakarka, don ana biyan harajin santi 22 a kan ledar zuba kaya a shagunan ƙasar.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga 9 zuwa 11 na safe, Talata zuwa Juma'a. Daga sha biyun rana ma'aikatan ofis da ayarin 'yan yawon buɗe ido suke cika hanyoyin, waɗanda dama ƙunci gare su. Asabar cunkoso ne tun hantsi. Bayan ƙarfe biyar kuma masu kifi sun fara kwashe ƙanƙara suna wanke tebur.

Layin kifi shi ne dalilin zuwa. Yana ɓangaren Grand Parade, dogayen tebura shimfiɗe da ƙanƙara. Mafi shahara shi ne na K O'Connell, inda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta tsaya a watan Mayun 2011 mai kifin ya ba ta dariya, hoton ya zaga duniya. Akwai kuma na Ballycotton Seafood, mai sunan wani ƙauyen masunta da ke gabashin birnin. Ba za ka ga giwan ruwa ko tarwaɗa ko karfasa irin na Argungu da Yauri ba, kifin teku ne duka. Amma akwai tsohon sani a ciki. Kifin da ake rubuta mackerel shi ne titus ɗin da muke saye a daskare cikin kwali, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayen irin wannan kifi daga Ayalan. A nan za ka gan shi ɗanye shar, bayansa na ƙyalli da zanen shuɗi da kore, jikinsa a sandare. Yana cikin mafi arha a teburin, kuma a ganinmu ya fi da yawa daga cikin masu tsadar daɗi. Matsalarsa ɗaya: maiƙo ya yi masa yawa, saboda haka yana saurin juyawa. A ranar da aka saye shi ake dafa shi. Ka duba ido ya zama garau ba hazo, ka sa a ɗaga maka marfin kunne ka ga ja ne ba ruwan ƙasa ba.

Abin da ke ɓata wa mutanenmu ciniki a nan shi ne yanka. Idan ka nuna kifi ka yi shiru, mai tebur zai zare tsoka biyu, ya jefar da kai da ƙaya, ya miƙo maka ɗan abin da bai cika tafin hannu biyu ba, alhali kuɗin kifin gaba ɗaya aka auna. Tun kafin wuƙa ta taɓa shi ka ce kana son a cire ciki da ɓawo kawai, a bar kai, a yanka gunduwa-gunduwa a kwance. Ba sa ƙarin kuɗi a kan wannan. Kawunan manyan kifaye da ƙasusuwa ma sau da yawa a gefe ake tara su, idan ka tambaya za a ba ka da kuɗi kaɗan, kuma su ne ke yin romo. Lissafin sayayya: tsoka zalla giram 150 zuwa 200 ga mutum ɗaya, kifi da kansa da ƙayarsa kuwa kilo ɗaya na mutum biyu ne zuwa uku.

Ba kowane kifi ke jure girkinmu ba. Hake, wanda dangin panla ne, naman jikinsa laushi gare shi ƙwarai. Idan aka sa shi a miya tun farko aka bar shi yana tafasa rabin awa kamar yadda ake yi wa tarwaɗa, narkewa zai yi ya bar ƙaya kawai. Sai miya ta gama nuna a jera shi a sama, a rage wuta, a rufe minti takwas zuwa goma, kada a juya da ludayi, a girgiza tukunyar kawai. Haka cod da haddock. Mai son farfesu ya nemi monkfish, wani mummunan kifi mai ƙaton baki wanda wutsiyarsa ake sayarwa. Namansa tauri gare shi, ƙashi ɗaya ne tal a tsakiya, ba ya wargajewa. Da tsada, kuma yana tsuke jiki a wuta, don haka a ƙara a kan lissafi. A ce wa mai tebur ya saɓule siririyar yanar da ke lulluɓe da naman, in ba haka ba tana ƙanƙancewa ta yi danƙo. Wanda zai soya titus a ɗakin haya ya buɗe taga ya kunna fankar da ke saman murhu tun kafin mai ya yi zafi, domin na'urar gano hayaƙi a gidajen can ba ta da haƙuri, kuma a wasu gine-ginen idan ta yi kuka bene gaba ɗaya ake fitarwa waje.

Kifi mai hayaƙi iri biyu ne, kuma kada sunan ya ruɗe ka ka zaci banda ce. Salmon da aka yi wa hayaƙi mai sanyi bai ga wuta ba: gishiri aka sa masa, aka rataye shi cikin hayaƙin da ba shi da zafi, ya fito da laushi da santsi, launin ruwan lemo, ana yanka shi fale-fale a ɗora a kan burodi. Wanda bai saba ba zai ji kamar ɗanye yake ci, kuma idan aka jefa shi a miya gishiri zai kashe ta. Ka fara da giram ɗari ka gwada. Wanda aka yi wa hayaƙi mai zafi, musamman titus, shi ne dafaffe, yana ɓarewa a hannu, ana iya marmasa shi a dafa-dukar shinkafa. Shi ma ba busasshe ba ne, firiji yake so, kwana kaɗan yake yi.

Akwai kaguwa da jatan lande da kawa da wasu baƙaƙen ƙwansuna da suke kira mussels. A mazhabar Malikiyya abincin teku duk halal ne, saura ya rage ga zuciyar mai ci. Abin lura shi ne a gidajen abinci kusan kullum da farar giya ko giyar tufa ake turara mussels, ko da ba a rubuta ba.

Layin mahauta kuwa kallo ne kawai. Cork gari ne da ya yi suna tun ƙarni na 18 wajen sa wa nama gishiri a loda wa jiragen ruwa, talakawa kuma su ci abin da ya rage, shi ya sa har yau kasuwar cike take da ƙafafu da haƙarƙari da kan alade. Kalmomin da za ka gani a allo ko a takardar abinci ka kauce su ne pork, ham, bacon, rashers, gammon, crubeens, bodice, da sausage idan ba a faɗi naman ba. Pudding a karin kumallo ba kayan zaƙi ba ne: baƙin da jini ake yin sa, farin kuma da kitse da nama, galibi na alade. Abincin da garin ya fi alfahari da shi, tripe and drisheen, tumbin saniya ne dafaffe cikin madara da albasa, amma drisheen ɗin daskararren jini ne. Akwai kuma spiced beef, naman sa da ake jiƙawa makonni cikin gishiri da kanumfari da kirfa da masoro, ana cinsa musamman lokacin Kirsimeti. Ƙamshinsa zai ja ka. Sai dai batun yanka yana nan, wasu kuma cikin baƙar giya suke dafa shi. Rago da sa da kaji na kasuwar masu kyau ne a ido, amma in ba ka ga shaidar halal a manne ba, ka ɗauka babu. Naman halal da tarugu da kuɓewa da garin rogo sai ƙananan shagunan 'yan Afirka da Asiya da ke wajen titin North Main da titin Shandon, tafiyar minti goma daga kasuwa.

Burodin ƙasar ya cancanci tsayawa. Burodin soda ba a sa masa yis: garin alkama ne da ba a cire wa dusa ba, da tsala, da bekin soda, da gishiri. Nauyi gare shi, ɓawonsa da kauri, cikinsa da ɗan tsami-tsami, yanka biyu da man shanu da kofin shayi sun riƙe mutum har azahar. Teburin Alternative Bread Company yana da iri-iri. Kwana biyu yake yi ya bushe, don haka rabin dunƙule ya isa mutum ɗaya. A tambaya game da wanda ya yi duhu sosai, wasu ana kwaɓa su da baƙar giya, wasu da baƙin ruwan rake kawai.

Cukun yankin yammacin Cork ya yi suna: Milleens, Durrus, Gubbeen, Coolea. Uku na farko masu laushi ne, da ɓawo mai ɗan danshi da wari mai ƙarfi wanda ba kowane hanci ke ɗauka ba. Coolea tauri gare shi da ɗan zaƙi, shi ya fi sauƙi ga sabon shiga. Ana ba da ɗanɗano kafin a saya, ba abin kunya ba ne ka nema. Tambaya biyu za ka yi. Ta farko, da me aka daskarar da madarar, sinadarin cikin ɗan maraƙi ne ko na tsiro. Masu teburin sun saba da wannan tambaya saboda marasa cin nama. Ta biyu, a goge wuƙa da katako, domin tebur ɗaya ne ke sayar da cuku da yankakken naman alade. Gonar Gubbeen ma kanta tana yin tsiran alade mai suna iri ɗaya da cukun, a karanta takarda da kyau. Wani abin da ba a cika samu a wani gari ba shi ne ƙwai mai man shanu: da kaza ta saka shi, tun yana da ɗumi ake murza masa man shanu a tafin hannu, man ya toshe ƙofofin ɓawon, iska ba ta shiga, ya daɗe bai lalace ba. Dabarar matuƙan jirgin ruwa ce ta da. Ɓawon na sheƙi, kuma idan aka dafa ana jin ɗan ƙamshin man.

Wurin zama a ci shi ne raunin kasuwar. Ƙasa babu kujeru sai 'yan tsiraru a gaban masu kofi. A bene akwai Farmgate Café, wanda ke aiki tun 1994, inda ake zama a baranda ana kallon maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakar ɓangaren titin Princes. Daga teburan ƙasa suke sayen kayan girkinsu, kifin ranar kuma abin dogaro ne. Karin kumallo da abincin rana kawai suke yi. Tsakanin 12:30 da 2 sai an yi layi. Abincin babu yaji ko kaɗan, gishiri da man shanu da ganyen ƙamshi ne kawai, don haka ƙaramin kwalbar yaji a aljihu ba ƙauyanci ba ne. Dankalin da ake kawowa da ɓawonsa, wanda ke fashewa ya yi gari-gari, yana da daɗi fiye da yadda kamanninsa ke nunawa.

A nan da kowane gidan abinci a ƙasar, doka ta tilasta a rubuta abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da alkama. Mutane kan ɗauka wannan jeri ya wadatar, alhali naman alade da giya ba sa cikinsa. Dole a buɗe baki a tambaya. Miyar kifi mai kauri da ake kira chowder sau da yawa ana fara ta da suyar gutsattsarin naman alade, a zuba farar giya. Ƙullun da ake tsoma kifi a ciki kafin a soya a ci da soyayyen dankali, wasu da giya suke dama shi don ya yi ƙaras-ƙaras, wasu kuma mai ɗaya suke soya kifi da tsiran alade. Mafi aminci shi ne a ce a gasa ko a soya kifin shi kaɗai da man shanu da lemon tsami. Ma'aikatan ba sa jin haushin tambaya, za su shiga kicin su dawo da amsa. Ruwan famfo kyauta ne kuma ana sha. Idan an yi maka hidima a tebur, ana barin kamar kashi goma cikin ɗari.

Abin sha na gari da kowa zai nuna maka Murphy's ne da Beamish, duka baƙar giya. Namu shi ne shayin Barry's, kamfanin Cork tun 1901, mai kauri da ja, ana shan sa da ɗanyar madara mai sanyi, da kuma Tanora, lemon kwalba mai ɗanɗanon tanjarin wanda ba a cika ganinsa a wajen yankin ba. Cider a Ayalan giya ce, ba ruwan tufa ba, duk da hoton tufa a jikin kwalba. Irish coffee akwai wuski a ciki. Shandy giya ce gauraye da lemo, amma rock shandy lemo ne zalla. Robar ruwa da gwangwanin lemo akwai ajiyar santi 15 ko 25 a kansu tun Fabrairun 2024, ana mayar da su a injin manyan kantuna a karɓi kuɗin.

Kasuwar ba za ta ci maka fiye da awa ɗaya da rabi ba, har da cin abinci, saura a cika ranar da ƙafa. Tsakiyar birnin tsibiri ne tsakanin rassa biyu na kogin Lee, ko'ina gada. Haye kogin arewa ka hau tudun Shandon. Can ne hasumiyar cocin St Anne ta 1722 take, mai matakala 132, da agogo huɗu da ba sa cika yarda da juna a kan lokaci, da siffar kifin salmon mai ruwan zinariya a ƙololuwa. Coci ce mai aiki, wanda bai son shiga zai ga birnin daga tudun ma. Dab da ita akwai ƙaramin gidan tarihin man shanu, inda aka nuna yadda Cork ta riƙe babbar kasuwar man shanu ta duniya a ƙarni na 19, da yadda ake tantance kowace ganga a ba ta daraja kafin a fitar. Ga mutanen da suka san kiwo, ya fi cocin abin kallo. Ganuwar Elizabeth Fort a kudu kyauta ake shiga. Fadar Blarney tana da nisan kamar kilomita 8, bas mai lamba 215 ke zuwa. Lambunta ya fi dutsen da ake kwanciya rigingine a sumbata, wanda layi ne kawai da camfi. Mai sauran rabin yini ya hau jirgin ƙasa daga tashar Kent zuwa garin Cobh, minti 25, tashar ƙarshe da jirgin ruwan Titanic ya tsaya ranar 11 ga Afrilun 1912 ya ɗauki fasinja 123. Ruwan sama ba shi da lokaci a Cork, iska kuma tana karya lema, riga mai hula ta fi. Idan Lahadi ce ta kama ka, Marina Market da ke tsohon sito a bakin tashar jiragen ruwa tana buɗe, dafaffen abinci ne na ƙasashe daban-daban, da wurin zama wadatacce.

A tsara yawon da lokutan salla, don suna tafiya sosai da yanayi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goman dare, a Disamba kuwa kafin huɗu da rabi an yi magariba, azahar da la'asar suna dab da juna. Kasuwar ba ta da wurin salla, kuma bayan gidan ƙasar babu buta. Agogonsu daidai yake da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni suna bayanmu da awa ɗaya.

Mai tasowa daga Birnin Kebbi ko Zuru ko Yauri, Abuja zai fara nufa, can ofishin jakadancin Ayalan yake. Bizar gajeriyar ziyara ba ta wuce kwana 90, ana cike takardar a intanet, kuɗinta yuro 60 na shiga sau ɗaya, 100 na shiga da yawa, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu. Bizar Ingila ba ta shigar da mai fasfon Najeriya Ayalan, haka ta Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, don ƙasar ba ta cikin wannan tsari. Babu jirgi kai tsaye. Hanyar Istanbul ko Doha zuwa Dablin, babban birnin ƙasar, ta fi sauƙi, ta Landan tana buƙatar wata bizar daban. Daga Dablin jirgin ƙasa na tashar Heuston yana kai wa Cork cikin kamar awa biyu da rabi, bas daga filin jirgi kuma awa uku da wani abu. Tikitin jirgin ƙasa ya fi arha idan aka saya a intanet kwanaki kafin tafiya.

Guzuri ma akwai doka. Tarayyar Turai, wadda Ayalan ke cikinta, ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje, don haka kilishi da dambun nama da man shanu da cuku za a ƙwace su a filin jirgi, ko da an naɗe su cikin tufafi. Busasshen kifi da banda an yarda da su har kilo 20, zuma har kilo 2, dabino ma yana wucewa. Ɗanyen tarugu da albasa da sauran ɗanyun kayan lambu sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, wadda matafiyi ba ya da ita, don haka a daka yaji busasshe a zuba a roba mai murfi, a sa shi cikin babbar jaka.